Ni Na Kashe Motar Baba Isufu

Kafin in zama abin da na zama, ni bakanike ne, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. A Maradi na koyi aiki, a garejin manyan motoci, tun ina mai miƙa sifana har na kai ana aikowa a kira ni idan injin kamyo ya gagari manya. Ko noti ɗaya na wani ban taɓa sakawa a aljihu ba. Na fara da wannan ne don ku matasan da ke karanta ni ku daina zaton ɓarawo da tambari a goshi ake haihuwarsa. Ni ma a sahun gaba nake sallah, iyaye suna nuna ni suna ce wa 'ya'yansu su yi koyi.

Da na ci cacar bizar Amurka, na sauka birnin Greensboro da jaka ɗaya da sunan wani dattijo da ban taɓa gani ba, Baba Isufu, mutumin Damagaram, abokin kawuna tun suna samari. Shi ya zo da kansa ya ɗauke ni a filin jirgi. Ya ba ni ɗaki a gidansa da ke East Greensboro, matarsa Mama Rabi ta riƙa ciyar da ni kamar ita ta haife ni. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a wata jiha mai nisa, don haka ni na zama ɗan gida. A gidan na koyi Turanci, a gidan na sami takardar zama ɗan ƙasa.

Baba Isufu ya daɗe yana aiki wurin wani tsohon Bature mai bas-bas masu bene guda huɗu, jajaye, tsofaffin yayi, waɗanda aka shigo da su daga Ingila tun kafin a haife ni. Sitiyarinsu a dama yake, ƙofa a baya a buɗe, ga matakala mai murɗewa da ke kai mutum sama. Ba jigilar fasinja suke yi irin ta bas ɗin gari ba. Hayarsu ake ɗauka ranar biki, ko ranar da ɗalibai suka gama jami'a, a zaga da mutane ta titin Elm Street suna ɗaga hannu daga sama kamar sun ci zaɓe. Baba ne direba, shi ne kuma bakanike. Ya roƙi Baturen ya ɗauke ni aiki, ya koya mini cikin motocin nan ciki da waje.

Ana nan sai Baturen ya tsufa, 'ya'yansa suka ce ba ruwansu da tsofaffin motoci, aka sayar da filin. Bas uku aka sayar wa masu niƙa ƙarfe. Ta huɗun, wadda ta fi lafiya, Baturen ya ba Baba Isufu kyauta a matsayin sallama, kuma ya sa a cikin cinikin cewa Baba zai kwance abin da yake so daga sauran ukun kafin a zo a kwashe su.

Ranar da muka fara kwancewa Baba ya zaunar da ni a kan taya ya yi mini bayani. Ya ce, "Ɗana, saurara. Kamfanin da ya ƙera motocin nan ya daɗe da rufewa. A duk ƙasar nan babu kantin da za ka shiga ka sayi ko bututun burkinsu. Can Ingilar ma niƙe su ake yi, kuma kowace aka niƙe da kayan cikinta take tafiya. Abin da muka kwance yanzu, shi ke nan har abada." Sannan ya dafa gwiwarsa ta hagu, wadda ta riga ta fara kumbura a lokacin. Ya ce shi da girmansa ya shigo Amurka, ba shi da wani fansho na a zo a gani, kuma ƙafar nan ba za ta iya aikin tsayuwa a masana'anta ba. Muddin akwai kayan gyara, motar za ta rayu, muddin tana raye shi da Mama Rabi za su ci abinci yana zaune a kujerar direba, ba tare da sun miƙa wa kowa hannu ba. Wallahi na ji, na gane sarai. Ba zan ce ban sani ba.

Mun sha aiki. Mun sauke giyabos uku, kowanne sai da ƙugiya ake ɗaga shi. Mun cire famfunan dizal, lagireto, dinamo, gilasai masu lanƙwasa, har fitilu da maƙallan ƙofa. Kowane abu Baba sai ya wanke shi, ya shafe shi da mai, ya naɗe shi da tsofaffin zannuwan Mama Rabi, ya ɗaure, mu sa a akwatin katako. Ya kama hayar wata rumfar kwano a gonar wani manomi a bayan gari, nan muka jera akwatunan, motar kuma tana kwana a gefe. Da aka gama ya miƙo mini makulli. Ya ce ƙafarsa ba ta son hanyar gonar, ni zan riƙa shiga da fita.

Satata ta farko ba a rumfar na yi ta ba. Ana gobe masu niƙa za su zo, na leƙa cikin gangar bas ukun na ga wayoyin jan ƙarfe a zube, na fara finciko su ina naɗewa. Baba ya hango ni ya ce, "Ajiye. Abin da aka ba mu mun ɗauka, saura na wanda ya saya ne." Na ce to. A raina kuwa dariya nake yi masa, ina cewa tsohon nan da tsarguwa yake, abin da za a niƙe gobe wa zai yi kukansa? Da ya tafi sallar la'asar na koma na cika bayan motata, na kai inda ake sayen ƙarfe a sikeli. Ba wanda ya tambaye ni komai. Abin da ya lalata ni ke nan, sauƙin da abin ya yi.

Washegari muka tsaya muna kallo aka yayyanka su aka loda. Baba carbi kawai yake ja.

Mai Bene, haka mutanenmu ke kiran motar, ta fara aiki a hannun Baba, kuma ta yi farin jini. Turawa suna ɗaukar haya, baƙaƙen Amurka suna ɗauka don bukukuwan coci, mu ma ba a yin ɗaurin aure ba ita. Ranar Sallah kyauta yake kwasar yara daga filin idi, su cika benen da ihu, ana yi musu Hausa suna amsawa da Turanci. Ni ne mai tsayawa a ƙofar baya da farar riga. Muna ci, muna sha, ba abin da na rasa. To me ya kai ni? Ido. Na ga sa'o'ina suna sauya motoci, suna aika hotunan gine-ginen da suke yi a gida, ni kuwa ina bin tsoho da gwangwanin giris.

A nan Lawali ya shigo. Lawali ɗan garinmu ne, sana'arsa loda kwantena zuwa Kwatano, daga can a wuce da kaya Yamai. Kun san yadda ake yi: a sa motoci, sannan duk wani gurbi da ya rage a cusa masa kaya, firji, kekuna, tayoyi, tsofaffin injuna. Maganarsa ɗaya ce kullum, duk ƙarfen da ya fito daga Amurka yana da mai saye a gida. Wata Asabar, don tsabar son a ce ina da wani abu, na kai shi rumfar na buɗe masa akwati. Ya riƙe baki. Ya ce, "Mutumina, kana zaune kan arziki kana hamma? Komai uku-uku, mota ɗaya. Tsohon zai shekara nawa yana tuƙi?"

Na zage shi a ranar, har na ce kada ya ƙara zuwa. Amma maganar ta zauna mini. Bayan ɗan lokaci ni da ƙafata na kai masa dinamo ɗaya, ina ce wa kaina ai saura biyu. Daga nan lagireto. Daga nan famfon dizal. Duk akwatin da na kwashe sai in cika shi da ruɓaɓɓun ƙarafa na bola don nauyi, in mayar da zanen Mama Rabi in naɗe, in ɗaure kamar yadda Baba ya ɗaure. Da na saba, sai na daina cewa saura biyu, na koma cewa saura ɗaya. Ranar da muka ɗaga giyabos na ƙarshe, abin da na ce wa kaina shi ne na jikin motar lafiyarsa lau, zai kai Baba har ya daina tuƙi. Tir da ni. Da wannan hannun nake komawa gida in sa a kwanon tuwon Mama Rabi.

Akwai ranar da ba na mantawa, bayan sallar Juma'a. Wani ya tambayi Baba ko ba ya tsoron motar ta tsaya masa, tunda ta tsufa haka. Ya jawo ni ya dafa kafaɗata a gaban jama'a ya ce, "Ina da rumfa cike da kaya, ina da wannan yaron. Me zan ji tsoro?" Mutane suka yi ta sa mini albarka. Na ce amin da ƙarfi.

Abin ya fashe ne ranar wani biki na Turawa a unguwar Sedgefield. Mun ɗauko amarya da ƙawayenta, muna hawa wata 'yar gangara kusa da filin golf, sai muka ji ƙara daga ƙasa kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa. Motar ta yi gaba kaɗan ta tsaya. Giya ta ƙi shiga. Amarya ta sauko tana kuka, uwarta tana masifa, aka kira wasu motoci suka kwashe su. Baba ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya goge hannu, har da murmushi. Ya ce, "Giyabos ne ya gama aikinsa. Ba komai ɗana, don irin wannan ranar muka sha wahala. Gobe mu ɗora wani."

Da safe ya ce tare za mu je, yana so ya zaɓa da kansa. Na kawo dalilai, na ce hanya da laka, na ce ƙafarsa. Ya ɗauki sandarsa ya shiga mota.

Ya buɗe akwatin farko, ya kwance zanen, ya tsaya yana kallon tsatsattsun ƙarafan da ke ciki. Ya buɗe na biyu. Na ukun bai buɗe ba, zama ya yi a kansa. Ya ɗago ya ce, "Duka?"

Maimakon in faɗi ƙasa in kama ƙafarsa, sai na hau faɗa. Ni haka nake, idan kunya ta kama ni sai bakina ya yi zafi. Na ce manomin ne, na ce dama ban yarda da shi ba, na ce ni ba maigadi ba ne da za a tuhume ni. Ya bar ni na gama. Sannan ya ɗaga zanen ya nuna mini ƙullin. Ya ce, "Bature ba ya ɗaurin huhun goro. Ni na koya maka wannan ƙullin." Na jefar da makullin a ƙasa na fita, na bar dattijo mai ciwon ƙafa shi kaɗai a gona ba abin hawa. Manomin da na yi wa ƙazafi shi ya mayar da shi gida.

Dattawan masallaci suka ce a kira 'yan sanda. Baba ya ƙi. Ya ce ba zai miƙa ɗan abokinsa ga hukuma a ƙasar mutane ba, abu ɗaya yake so, a matsa wa Lawali ya bi sawun kayan, ko giyabos ɗaya a dawo da shi, shi zai biya kuɗin jirgi. Aka matsa, Lawali ya buga waya Yamai. Amsar da ta zo ita ce, kayan sun daɗe a yashe a kasuwar Katako, duk bakaniken da ya duba sai ya ce bai taɓa ganin irinsu ba, ba kamyon da suka shiga. Da aka gaji da su aka fasa, aka sayar wa maƙera a kilo. Gangar giyabos ɗin alminiyam ce, an narka ta an zuba tukwane. Kayan da babu irinsu a duniya, ana dafa miya a cikinsu, kuma abin da ya shigo hannuna a kansu ko tsohuwar mota mai kyau bai saya mini ba.

Daga nan na zama abin gudu. Ba wanda ya kore ni daga masallaci, ni na kasa zuwa. Na koma kwana a mota, na haɗu da wasu da ba sa tambayar mutum daga ina yake. Suka nuna mini wani tulun ƙarfe da ke jikin salansar mota, wanda ake saye da tsada. Ni da na san ƙarƙashin mota kamar ɗakina, kafin mai ita ya fito daga kanti na yanke na tafi. Da rana tsaka nake yi, a wuraren ajiye motoci, har a harabar coci ranar Lahadi ana tsakiyar waƙa. Zuciyata ta riga ta bushe, ba na jin komai. Kyamara ta ɗauke ni ba sau ɗaya ba, aka kama ni da zarto a hannu. A kotu, can tsakiyar gari, na waiga ko zan ga fuska ɗaya da na sani. Babu kowa. Alƙali ya tura ni gidan yari, kuma ba don takardar zama ɗan ƙasa ba da yanzu daga Maradi nake ba ku wannan labarin.

Ba zan cika ku da labarin kurkuku ba. Wuri ne na wari da hayaniya da wulaƙanci, inda ƙato ke kuka a ɓoye. Abin da ya fi ci mini rai a can shi ne, duk shekarun da aka yanke mini na motocin mutanen da ban sani ba ne. Na Baba Isufu ko yini ɗaya ba a ɗaure ni a kansa ba. Na koma sallah, na yi ta istigfari, amma duk lokacin da na ɗaga hannu sai in ga dattijon zaune a kan akwatin nan. Wani ɗan Gana da aka kawo daga baya, mai jin Hausa, shi ya gaya mini Baba ya kama aiki a wani katafaren sito, yana tsaye yini guda yana rufe kwalaye. Ya ce har yanzu bai rabu da motar ba, yana ta sa a tambaya masa a Ingila ko za a dace. Ranar ban iya cin abinci ba.

Da aka sake ni, na yi ta zagaye unguwar kafin in iya buga ƙofar. Mama Rabi ta buɗe, ta dube ni, ta juya ciki. Baba yana zaune a falo, ƙafar a miƙe a kan kujera, ta yi suntum. Ya rame, gemun ya yi fari fat. Na durƙusa na faɗi duk abin da na yi, ban rage ba, ina kuka kamar yaro. Ya ce, "Na yafe maka tun kana can. Ba na son in tsaya da kai gaban Allah, na gaji da tsayuwa." Sannan ya tambaye ni ko har yanzu na iya riƙe wutar yankan ƙarfe. Na ce na iya. Ya ce in same shi a gona ranar Asabar.

Ashe manomin ya sayar da gonar, za a gina gidaje, an ce a kwashe komai. Ingila kuma ba a samu ba, duk inda aka tambaya sai a ce an niƙe. Masu sayen ƙarfe sun zo sun duba, sun ce motar ta yi tsawo, idan aka ɗora ta a tirela ba za ta wuce ƙarƙashin gada ba, sai an sare benen tukuna. Na same ta ciyawa ta kai rabin taya, jan fentin ya koɗe, tsuntsaye sun yi sheƙa a matakala. Baba ya ce, "Ni hannuna ba zai iya ba. Kai ka fara, zo ka ƙarasa."

Na roƙe shi ya sa wani. Ya girgiza kai. Na hau, na cire kujerun sama ina jefowa ƙasa, na kunna wuta. Ginshiƙi bayan ginshiƙi na bi ina yankewa, hawaye da gumi suna cika mini tabarau har ba na ganin layin. Injin nan lafiyarsa lau, na sani, da za a sa masa batir da ya tashi. Ƙarfe ɗaya kawai motar ta rasa. Da rufin ya saki ya faɗo gefe, ƙarar ta sa na waiga wurin Baba. Yana zaune a kan bokiti, ya juya mana baya, yana kallon daji. Haka ya zauna har tirela ta tafi.

Ku matasa, ga abin da zan ce muku, ku ɗauka ko ku bari. Kada ku taɓa abin da ba naku ba don kun ga kamar ba mai kukansa. Kada ku ce akwai saura, ba ku san ranar da mai shi ya ajiye shi dominta ba. Idan dattijo ya ba ku makulli, ku sani rayuwarsa ya ba ku, in ba za ku iya ba ku mayar masa tun da wuri. Duk abokin da ya leƙa amanar da ke hannunku ya fara yi muku lissafi, ku rabu da shi a ranar. Kuma kada wani ya ruɗe ku da cewa ai in an tuba shi ke nan. Allah yana karɓar tuba, na yarda, a kan haka nake raye. Amma tuba ba ta dawo da abin da aka narka.

Yanzu ina aiki a wani ƙaramin gareji, mai shi ya san tarihina, ba ya ba ni makulli, kuma ban ga laifinsa ba. Na ce wa Baba ya bar aikin sito, ni zan riƙe gidan da abin da nake samu. Ya ce a'a, ba zai ci daga hannuna ba. Abin da ya yarda da shi kawai shi ne in riƙa kai shi, don ciwon ƙafar ya kai inda ba ya iya tuƙi. Kullum da safe ina tsayawa a ƙofar gidan, ya fito da sandarsa da 'yar kular abincinsa, in gaishe shi ya amsa, mu kama hanya. A bakin siton nakan tsaya in ga shigarsa. Yana jan ƙafar a hankali, matasa suna wuce shi da sauri, wani lokaci ya dafa bango ya huta kafin ya kai ƙofa. Mutumin ya haura saba'in, kuma zai tsaya a kan ƙafar nan har yamma. Ni na yi masa haka.